Oga ya ce in rage adadin waɗanda suka kamu, in ajiye aikin ne ko in yi shiru?

Wannan saƙon wata ƙanwarmu ce ta turo shi daga Tudun Wada a nan Kaduna, na ɗan taƙaita shi kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Anti. Ni kimiyyar ƙananan halittu na karanta a jami'a, bayan bautar ƙasa na yi shekara uku a wani gidan rediyo ina gabatar da shirin lafiya, bara Allah ya ba ni aiki a sashen yaɗa labarai na wata hukumar lafiya ta gwamnati. Ni ke rubuta sanarwa, ni ke ɗaga wayar 'yan jarida, ni ke mayar da rahoton likitoci zuwa abin da mutane za su gane. Satin da ya wuce amai da gudawa ya ɓarke a wata unguwa, na ga adadi a fayil da idona, amma oga ya kira ni ya ba ni wani adadin da bai kai rabi ba, ya ce kar in kuskura in sa kalmar kwalara, in rubuta cewa an shawo kan lamarin. Na rubuta, ta fita, tun ranar barci ya gagare ni. Tsoffin abokan aikina sai kira suke, ɗaya ya ce na zama 'yar amshin shatan gwamnati, wata ta ce in turo mata hoton fayil ɗin ba wanda zai sani. Mama ta ce aikin gwamnati ba a wasa da shi in rufe bakina. Ga shi sati mai zuwa za a sake fitar da wata sanarwar. Anti in ajiye aikin ne, ko in tura hoton, ko in yi shiru?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Saƙonki sai da na karanta shi sau biyu, don kujerar da kike kai na zauna a irinta, nima daga gidan rediyo na koma ofishin yaɗa labarai na ɓangaren lafiya kuma na san yadda kirjin mutum yake yi idan takarda ta fita da abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Wannan rashin barcin naki kar ki raina shi, shi ne shaidar cewa har yanzu kin san don wa kike rubutu. Amsata a taƙaice, kar ki ajiye aikin yanzu, kar ki tura wa kowa hoton fayil, amma kuma daga yau kar hannunki ya sake rubuta adadin da kika tabbatar ƙarya ne. Kalmar "tabbatar" ɗin nan kuwa ita zan fara tsayawa a kai, don a saƙonki ban ga inda kika ce kin je kin tambayi masu lissafin ba.

Kin san yadda adadi yake tafiya kafin ya iso teburinki. Ma'aikacin asibitin unguwa ya ga mutum yana zawo kamar ruwan wankin shinkafa, ya rubuta shi a rajista ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kowace ƙaramar hukuma a cikin 23 ɗin da muke da su tana da nata, shi kuma ya tura wa likitan jiha mai bin diddigin annoba. Duk wanda aka rubuta a wannan matakin ana zargin ya kamu ne kawai, a cikinsu akwai mai kwalara, akwai wanda abinci ne ya ɓata masa ciki, akwai wanda aka rubuta sau biyu don ya je asibiti biyu. Sai a ɗebi samfurin bayan gida na wasu daga ciki, ba na kowa ba, a yi gwajin gaggawa, a tura ɗakin gwaji a shuka ƙwayar a ga ko za ta tsiro, wani lokacin har sai an kai babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da ke Gaduwa a Abuja. To kinga dole adadin waɗanda gwaji ya tabbatar ya yi ƙasa sosai da na waɗanda ake zargi. Yana iya yiwuwa adadin da kika gani a fayil na waɗanda ake zargi ne, wanda oga ya ba ki kuma na waɗanda aka tabbatar. In haka ne ba ƙarya tsagwaronta aka sa ki ba, rabin gaskiya aka ba ki, kuma maganinta mai sauƙi ne, a rubuta duka biyun a jere, mutum kaza ake zargi, mutum kaza gwaji ya tabbatar, mutum kaza suka rasu, zuwa ƙarfe kaza na ranar kaza. Don haka Litinin da safe kafin ki shiga ofishin kowa ki je wajen likitan nan mai bin diddigin annoba da biro da takarda, ki ce ranka ya daɗe ina son in fahimci adadin nan ne don kar in rubuta kuskure. Ke da kika karanta ƙananan halittu ba zai sha wahalar yi miki bayani ba, kuma irinsu suna jin daɗin wanda ya zo ya tambaya kafin ya rubuta.

Haka maganar kalmar kwalara. Kafin sakamakon gwaji ya fito, cewa amai da gudawa ba laifi ba ne, haka likitoci ma suke kiransa. Da zarar gwaji ya tabbatar kuma aka ci gaba da ɓoye sunan, nan ne aka shiga haƙƙin mutane. Amma ni abin da ya fi damuna a sanarwar da kika fitar shi ne wannan jimlar ta "an shawo kan lamarin", don matar da ke unguwar in ta ji haka a rediyo sai ta ci gaba da ɗiban ruwa a rijiyar nan da ke kusa da masai, ɗanta ya fara zawo da daddare ta ce bari gari ya waye. Kwalara ba ta jiran gari ya waye, cikin sa'o'i kaɗan take zuƙe ruwan jikin mutum, alhali in an kai shi da wuri aka mayar masa da ruwan, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma arewa ce ta fi jin jiki. Yawancin mutanen nan da ruwan gishiri da sukari na leda da ƙarin ruwa a kan lokaci da suna nan da ransu da izinin Allah. To aikin sanarwarki na farko shi ne ta gaya wa matar nan abin da za ta yi yau da daddare, kuma wannan ba ya jiran sakamakon gwaji, ba ya jiran a gama gardama kan adadi.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa nake tsaurara a kan maganar ƙarya, ba wai don wa'azi ba, don mun gani da idonmu a arewar nan. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara wajen 200, wajen rabinsu aka ba shi, sauran aka ba su wani maganin daban, yara 11 suka mutu a cikin gwajin, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, da jita-jita ta tashi cewa rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa, mutane ba su sha wahalar yarda ba saboda tabon yana nan. Kano da Zamfara da Kadunarmu duk sai da aka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, cutar ta tsallaka ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka sa Sarkin Musulmi da sarakuna da malamai da masu unguwanni, mata 'yan sa kai suka yi ta bin gida gida shekara da shekaru ana rufe musu ƙofa ana zaginsu, kafin a ranar 25 ga Agusta 2020 a ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Yaran da suka nakasa a tsakani suna nan a cikinmu sun girma. Duk jami'in da ya ce miki ɗan rage adadi ba komai ba ne, bai zauna ya lissafa abin da ake kashewa kafin a dawo da yardar mutane in ta tafi ba.

Sannan adadin mutuwa ba ya ɓoyuwa a garin da ake zuwa jana'iza. Ki tuna Afrilun 2020 a Kano, hukuma ba ta ce komai ba tukuna amma masu haƙar kabari sun riga sun fara faɗin gawa nawa suke binnewa a rana, labari ya cika gari, kowa da irin fassarar da yake yi, sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya fito ya ce binciken da aka yi ya nuna rabi ko fiye na mace-macen suna da alaƙa da korona. A daidai wannan lokacin nan Kaduna gwamnan lokacin Nasir El-Rufai da kansa ya fito ranar 28 ga Maris ya ce gwaji ya nuna ya kamu, ko me mutum yake gani game da siyasarsa, wannan fitowar ta sa da yawa waɗanda suke cewa cutar ta Turawa ce suka ɗan shiga taitayinsu. Ga kuma daren gishirin nan na Agustan 2014 lokacin Ebola, wanda ya kai shekarunki zai tuna yadda aka yi ta tashin mutane da asuba a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka, alhali gaba ɗaya mutum 20 ne suka kamu da Ebola a ƙasar, 8 suka rasu. Duk inda hukuma ta bar gurbi, saƙon murya na WhatsApp ne yake cika shi, kuma shi ba ya bin teburi biyar kafin ya fita.

Yanzu maganar oga. Kar ki shiga ofishinsa da fuskar wadda ta kama ɓarawo. Yawancin masu ba da irin wannan umarnin tsoro ne yake cinsu, tsoron a kira su daga sama a ce me kuke yi har abu ya kai haka, tsoron kasuwa ta watse, tsoron jarida ta buga babban kanu da sunan hukumarsu. In kin gane abin da yake tsoro sai ki yi masa magana ta wannan ƙofar. Ki shiga da sanarwar da kika riga kika rubuta mai kyau, shafi ɗaya, adadi biyun a jere da kwanan wata, abin da hukuma ta riga ta yi, asibitin da za a kai mara lafiya, lambar da za a kira, abin da za a yi a gida. Ki ce masa yallaɓai NCDC tana fitar da rahotonta na cututtuka jiha jiha, 'yan jarida suna karantawa, in adadinmu ya saɓa da nasu mu za a kira maƙaryata kuma sunanka za a nema ba nawa ba, amma in mu muka fara faɗa tare da matakin da muka ɗauka, labarin zai zama hukuma ta tashi tsaye. Wannan maganar gaskiya ce ba dabara ba, kuma na ga ta yi aiki ba sau ɗaya ba. In za ki samu likitan annobar ya shiga tare da ke ko ya sa hannu a kan adadin, ya fi, don a aikin gwamnati mai lebul 8 ko 9 ba ta cin gardama ita kaɗai, amma takarda mai sa hannun ƙwararre tana da nauyi. Kuma ki bi da shi ta fayil, ki rubuta a takaice cikin ladabi cewa ga adadin da sashen sa ido ya bayar ga daftarin da kike ba da shawara, ki ajiye kwafin daftarinki naki na kanki da kwanan wata.

In duk da haka ya nace sai an sa adadin da kika tabbatar ba shi ba ne, nan ne layin. Ki ce yallaɓai ka yi haƙuri ba zan iya rubuta wannan adadin ba, zan iya fitar da sanarwar da shawarwarin lafiya ba tare da adadi ba, ko kuma a ba wanda ya fitar da adadin ya rubuta ya sa hannu. Ba tsawa ba rantsuwa. Zai iya ɗaure miki fuska na wata biyu, zai iya cire sunanki daga tafiyar da ake samun alawus, zai iya ma ba ki takardar tuhuma, in ta zo ki amsa ta a rubuce da hujjarki. Ba zan ce miki ba ciwo ba, akwai ranar da na koma gida daga ofis na kasa cin abinci saboda irin wannan. Amma mutumin da ya ƙi rubuta ƙarya kuma yana da takardarsa a hannu, wuya ake sha kafin a kore shi, wadda ta fitar da fayil kuwa ta miƙa musu wuƙar da kanta.

Shi ya sa na ce kar ki tura hoton nan. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana ma'aikaci fitar da takardun ofis ba da izini ba, wannan ɗaya. Na biyu wanda ya fi muhimmanci a wajena, fayil ɗin annoba yawanci jerin sunaye ne, sunan mara lafiya, shekarunsa, layinsu, lambar waya, wani lokacin har sana'arsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne. Ki ɗauka a cikin jerin akwai mai sayar da awara ko mai kunu a bakin makaranta, hoton ya shiga guruf guruf, wa zai sake sayen abincinta ko bayan ta warke? Kuma wannan "ba wanda zai sani" ɗin, mutum nawa ne suka taɓa fayil ɗin a ofishinku, kuma a cikinsu wa ya fito daga gidan rediyo? Ranar za a gane. Ita ƙawar taki ta samu labarinta na kwana ɗaya, ke kin rasa aikin da kujerar da za ki iya gyara abu daga ciki. In tana son gaskiya tana da ƙafa, ta je unguwar, ta je asibitin, ta tambayi mai unguwa da limamin da yake sallar gawa, ta rubuto wa hukuma tambaya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Wannan aikinta ne kuma ya halatta ta yi shi, kar ma ki ji haushi in ta yi.

Wanda ya ce miki 'yar amshin shata kuwa, kar ki yi faɗa da shi, halinki a waya ne zai ba shi amsa a hankali. Ki riƙa ɗaga waya, wannan kaɗai ya bambanta ki da jami'ai da yawa. In ba ki da izinin magana ki ce ba ni da izini tukuna amma zan dawo maka kafin ƙarfe huɗu, kuma ƙarfe huɗu ki kira shi ko da abin da za ki ce shi ne har yanzu ba a ba ni ba. Ke kin yi aikin, kin san mai labaran ƙarfe biyar ba zai jira Alhamis ba. Kar ki taɓa cewa babu abin da ya faru alhali ya faru, gara ki ce ba zan iya magana a kai ba. Kar ki fifita wani gidan ki ba shi sanarwa kafin saura don abokinki ne, sauran za su riƙe ki a rai. Maganar kuɗin mota da ake rabawa bayan taron manema labarai, abu ne da kika tarar kuma ba ke za ki kashe shi ba, amma kar ki yarda ya zama a hannunki kuɗin sayen shiru, ki ce wa wane kar ya buga kaza don an ba shi ambulan. Ranar da kika fara wannan kin gama zama mai bayani a idonsu.

Ɓangaren aikinki da na fi so kuma nake ganin shi ne dalilin da zai sa ki zauna, shi ne rubutun kansa. Na taɓa kai wani likita wani shiri kai tsaye, mutumin kirki mai ilimi, ya yi minti goma sha biyar yana bayani rabi Turanci rabi Hausa, yana lissafo kashi kaza cikin ɗari, aka buɗe layi sai wata dattijuwa ta kira daga Rigasa, ana jin kukan yaro a bayanta, ta ce likita ni duk na ji amma jikana ne yake zawo tun azahar, in ba shi nono ko in hana? Ɗakin ya yi tsit. Duk abin da muka shirya ba wanda ya amsa tambayar nan, kuma ita ce tambayar. Likitan ya ce a ci gaba da ba shi nono kar a tsaya, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, in idonsa ya faɗa ko ya kasa sha a tafi asibiti a daren nan. Tun daga ranar duk abin da zan rubuta sai na fara jin muryar matar nan a kunnena.

To ki rubuta mata. Lita ɗaya ba kowa ya san ta ba amma kowa ya san fiya wata biyu, sai ki ce a duba jikin ledar gishiri da sukarin, yawanci leda ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya wato fiya wata biyu, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ko yana amai, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. In likita ya ce kashi 2 cikin ɗari, ki ce mutum ɗaya a cikin hamsin. Ki kira cuta da sunan da uwa take kiranta, mashaƙo, sanƙarau, ƙyanda, shan inna, tarin fuka. Ki lura da inda Hausarmu take haɗa abu biyu a kalma ɗaya, ƙwayar cuta muke cewa ko bakteriya ce ko bairos, shi ya sa mutum zai je kemis ya sayi kafso don mura, ke da kika san bambancin sai ki nemo hanyar faɗinsa a jimla ɗaya. Haka rigakafi da magani, mutane da yawa suna kawo yaro a yi masa allurar rigakafi bayan ya riga ya kwanta, suna ganin ita ce za ta warkar da shi. Kuma dan Allah kar ki rubuta da Turanci sannan ki fassara kalma da kalma, abin da yake fitowa ba Hausa ba ne ba Turanci ba, ki fahimci abin sosai ki rufe takardar likitan ki faɗe shi kamar kina gaya wa maƙwabciya ta kan katanga. In kin gama ki karanta wa Mama a gida, inda ta ce "me kenan" nan ne ba ki gama aiki ba. Sannan ki mayar wa likitan ya duba ko sauƙaƙawar ta canza ma'ana, don sauƙi daban kuskure daban, kuma ki riƙe ƙafarki in ya so ya mayar da manyan kalmominsa.

In rahoton bincike aka ba ki, ki tambayi mutum nawa aka yi a kansu, a ina, wa ya biya kuɗin, a kan mutane ne ko ɓeraye, kuma an kwatanta da waɗanda ba a ba maganin ba ko kuwa. Kalmar "an gano maganin" ki ji tsoronta.

Kadunarmu kuma ba kunne ɗaya gare ta ba. Sanarwar da aka buga a takarda mai tambari aka liƙa a Facebook ba ta kai wa mai keke a Kawo ko manomi a Giwa ko Ikara. Rediyo ne har gobe, Rediyon Najeriya Kaduna da KSMC da su Freedom da Liberty da Alheri da Nagarta, ki san masu shirin safe na kowanne. Ki riƙa yin saƙon murya na minti ɗaya da muryar likita ko ungozoma, a faɗi sunan hukuma da kwanan wata a farkonsa don kar a dawo da shi bayan shekara biyu a ce sabo ne. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam a garin nan take, ga ƙungiyar Kiristoci ta CAN, saƙon da limami ya faɗa ranar Juma'a fasto ya faɗa ranar Lahadi ya fi duk taron otal tasiri. Abin da za ki aika Sabon Tasha da Kakuri a yi shi da Hausa da broka, na Kafanchan da Zonkwa ki nemo 'yan ƙasar su duba miki, in fosta ce ki tuna akwai dattawa da almajirai da ajami suka fi karantawa. Duk wannan ba ya buƙatar izinin rage ko ƙara adadi, kuma shi ne yake hana mutuwa.

In kuma bincikenki ya nuna sanarwar farko kuskure ce, ki ba da shawarar a gyara a ta biyu a fili, a ce adadin da muka bayar ranar kaza na waɗanda aka tabbatar ne kaɗai, ga cikakken adadi yau. Mutane suna yafe wa wanda ya gyara da bakinsa fiye da yadda jami'ai suke zato.

Mama kuma kar ki ga laifinta, ta san wahalar samun aiki a ƙasar nan kuma tsoro take ji miki. Ki zaunar da ita ki ce ba barin aikin za ki yi ba, kuma ba rashin kunya za ki yi wa na gaba ba, amana ce aka ba ki ta rayukan mutane kina neman addu'arta ki sauke. Uwa tana gane wannan yaren. A gefe guda ki fara gina kanki, ki yi rajista da NIPR, ƙungiyar masu hulɗa da jama'a wadda doka ta amince da ita tun 1990, ki tara duk rubutun da kika yi mai kyau a wuri ɗaya, Hausa da Turanci, don mai ilimin kimiyya da ya iya rubuta Hausa mai daɗi ba su da yawa kuma ƙungiyoyin lafiya suna nemansu. In wata shida suka wuce kika ga abin ya zama ɗabi'a, duk sati sai an kawo miki adadin da aka sassaƙe, kin bi ta fayil kin je wajen na gaba da shi ba abin da ya canza, to ki nemi canjin sashe, in ya gagara ki nemi wani aikin kina cikin wannan, ki fita da takardunki cikin mutunci.

Allah ya yaye wa mutanen unguwar nan, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ki je wajen likitan annobar ranar Litinin, in kin fito ki rubuto min ki gaya min wane adadi ne na zargi wane ne na tabbaci, in kina so ki turo min daftarin sanarwa ta biyun ba tare da sunan kowa ba mu duba Hausar tare kafin ki kai wa oga.